Likitan da aikinsa sauraro ne: ra'ayina kan wasan Bob Newhart

Wani abokina ne ya taɓa turo min wani ɗan guntun bidiyo a WhatsApp, wata mata ta je wurin likitan da ke duba matsalar damuwa ta ce masa ita fa tsoro take ji kar a binne ta da rai a cikin akwati, shi kuma ya ce zai ba ta magani da kalma biyu kacal, ya daka mata tsawa ya ce ta daina. Duk abin da ta kawo sai ya ce ta daina kawai. Abokin nawa ya rubuta a ƙasa wai ka ga maganin masu cewa suna da damuwa. Gaskiya abin ya tsaya min a rai, don shi wanda ya fito a likitan, wato Bob Newhart, ɗan wasan barkwanci na Amurka, ba abin da yake nufi ke nan ba sam, shi likitan banzan yake wa ba'a, kuma wannan guntun daga wani shirin barkwanci ne daban mai suna MADtv, shekaru da yawa bayan aikin da aka fi saninsa da shi. Wannan ne ya sa na je na nemo ainihin wasan nasa na zauna na kalla, kuma tun daga lokacin nake son in yi wannan maganar.

Sunan wasan The Bob Newhart Show, tashar CBS ta Amurka ce ta nuna shi daga 1972 zuwa 1978, zango shida, fitowa 142, kowace kamar rabin awa. Newhart ya fito a matsayin Dakta Robert Hartley, wanda ake kira Bob, masanin halayyar ɗan adam a birnin Shikago, matarsa Emily malamar makaranta ce, Suzanne Pleshette ta fito a ita. Labarin kullum tsakanin wuri biyu yake yawo, ofis da gida. A ofis akwai Carol sakatariya mai bakin tsiya da kirki, da Jerry likitan haƙori da suke hawa ɗaya a benen, a gida kuma akwai maƙwabcinsu Howard ma'aikacin jirgin sama wanda aurensa ya mutu, kullum yana faɗo musu gida ko sallama babu. Shi ke nan fa. Ba faɗa da bindiga, ba gudun mota, mutane ne kawai a zaune suna magana.

Tambayar da nake so mu tattauna ita ce, ya halatta a yi wasan dariya a kan mutanen da ke fama da matsalar ƙwaƙwalwa ko damuwa? Na san mutane masu hankali da suke cewa a'a kwata-kwata, ciwo ba abin wasa ba ne, kuma na fahimce su don ni ma na ga yadda ake yin abin ya zama cin mutunci. Amma ni ra'ayina shi ne ya halatta, har ma yana da amfani babba, in dai an yi shi irin yadda wannan wasan ya yi, kuma zan faɗi dalilina.

A duba lokacin da wasan ya fito tukuna. A watan Yulin 1972 ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Dimokurat, George McGovern, ya ɗauki Sanata Thomas Eagleton na jihar Missouri a matsayin mataimakinsa. Ba a jima ba sai labari ya fita cewa Eagleton ya taɓa kwanciya a asibiti saboda ciwon damuwa har an yi masa maganin nan na lantarki a ka. Kwana 18 kacal ya yi yana takara aka sa ya janye, aka kawo Sargent Shriver. Mutumin bai saci kuɗin kowa ba, bai kashe kowa ba, laifinsa kawai ya yi rashin lafiya ya je an duba shi. To ranar 16 ga Satumba ta wannan shekarar, wato kamar sati shida bayan haka, aka fara nuna wasan Newhart, inda mutane masu aiki da iyali da mutunci suke shiga ofishin likitan damuwa da rana tsaka, su gaisa da sakatariya, su zauna su faɗi abin da ke cin su, su tashi su koma harkarsu. Kuma daren Asabar ake nuna shi, lokacin da iyali suke zaune gaban talabijin, a jere da manyan wasannin lokacin irin su All in the Family da na Mary Tyler Moore. Ka duba nauyin wannan. Ƙasar da ta kori mutum daga takara saboda ya ga likita, ita ce kuma duk sati take zama tana kallon masu zuwa ganin likitan har ta saba da su ta san sunayensu. Ban ce wasan shi kaɗai ya canja tunanin Amurkawa ba, abubuwa da yawa sun taru, amma shekara shida kana shigo wa mutane falo da abu ɗaya ai sai ido ya saba, abin da ido ya saba da shi kuma tsoronsa raguwa yake.

Abu na biyu, wa ake wa dariyar? Nan ne gaba ɗaya maganar take. Shi Newhart an ruwaito cewa shi ya zaɓi ya fito a masanin halayya maimakon likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani, don kar wasan ya kai ga yin ba'a da masu ciwo mai tsanani. Saboda haka waɗanda ke zuwa wurinsa irin mu ne. Akwai Mista Peterson, tsohon soja ne amma mutum mai sanyi da rashin ƙarfin hali, matarsa ta fi ƙarfinsa, ko a taron marasa lafiyan da ƙyar yake iya ɗaga murya. Akwai Misis Bakerman, dattijuwa mai saƙa, ana ta zancen matsaloli ita hannunta na kan zarenta, sai can ta jefo magana ɗaya da ba ta da alaƙa da abin da ake yi amma in ka duba akwai kaɗaici a cikinta. Sai kuma babbansu Mista Carlin, wanda Jack Riley ya fito a shi, mai kuɗi ne yana harkar gidaje amma ba ya ganin alherin kowa, kowa ya zaga, kowa ya zarga, kuma can ƙasa mutum ne da yake ganin ba wanda ke sonsa. Wallahi duk wanda ya zauna a majalisa ko gidan biki a ƙasarmu ya san waɗannan mutanen, ba wanda ba shi da Carlin ɗaya a danginsu. In ka yi dariya, dariyar gane kai ce, ka ga halinka ko na kawunka an ɗora a faifai. Ba a taɓa sa musu tsumma ba, ba a sa su cin shara ba, ba a sa yara su bi su da jifa ba.

Kuma rabin dariyar a kan shi likitan take. Fitowar farko ma haka ta fara, Dakta Hartley yana da rukunin mutane masu tsoron hawa jirgin sama, ya yi ta aiki da su har za su yi tafiyar gwaji zuwa birnin Niyok, sai ya gayyaci matarsa, a nan ne ya gano ashe ita ma Emily tsoron jirgin take ji bai sani ba. Mutumin da sana'arsa gane tsoron mutane ce, ga tsoro kwance a gadonsa bai gani ba. Wannan ya burge ni ƙwarai don gaskiya ce tsagwaronta, mai gyaran gidan wasu sau da yawa nasa na yoyo, kuma wasan bai yi amfani da wannan don ya ce likitan maƙaryaci ne ba, ya nuna shi mutum ne kawai mai iyaka kamar kowa.

Yadda Newhart yake wasa ma abin a tsaya a kai ne. Shi asalinsa akanta ne a Shikago kafin ya shiga barkwanci, faifansa na farko da ya fito a 1960 ya ci kyautar faifan shekara ta Grammy, babbar lambar yabon faya-fayai a Amurka, kuma abin da ya yi suna da shi shi ne waya, zai riƙe kan tarho yana magana da wanda ba ka ji, daga amsoshinsa da shirunsa kake gane abin da ake faɗa a can ɓangaren. Yana da 'yar in'ina, yana da jinkiri, fuskarsa ba ta cika motsi ba. To sai aka ba shi aikin da ya yi daidai da shi, wato mai sauraro. Za ka ga Carlin ya zazzago wata muguwar magana, sai kyamara ta koma kan Bob, ya yi shiru, ya ƙifta ido, ya ɗan gyara zama, ya buɗe baki kamar zai yi magana ya fasa, sannan a hankali ya tambaye shi me ya sa yake ganin haka. Dariyar a cikin wannan shirun take. Ni kuma abin da na gani a ciki shi ne tauraron wasan gaba ɗaya, wanda sunansa ke kan wasan, shi ne mai sauraro, kuma bai taɓa daka wa mai damuwa tsawa ya ce masa ai rashin godiyar Allah ne ba, bai katse shi ya fara ba shi labarin wanda ya fi shi shiga uku ba. Yana barin mutum ya kai aya. Mu nawa ne muke iya wannan? Da zarar mutum ya ce mana zuciyarsa ba daɗi, kafin ya rufe baki mun ce sai haƙuri, kowa da tasa, mun rufe zancen. Haƙuri gaskiya ne kuma addininmu ya koyar da shi, amma sau da yawa muna faɗarsa ne don mu huta da sauraro.

Bari in faɗi abin da ya sa abin ya dame ni haka. Yayata ce, bayan haihuwarta ta biyu ta canja gaba ɗaya, ba barci, ba cin abinci, sai ta zauna jaririn na kuka tana kallon bango hawaye na zuba ba ta san dalili ba. An yi rubutu an yi hayaƙi an yi addu'a, kuma ban raina ko ɗaya ba, addu'a kam har gobe muna yi. Da ƙyar mijinta ya yarda in raka ta asibitin ƙwaƙwalwa. Da asuba muka fita don kar maƙwabta su gani. A cikin adaidaita ta ja mayafinta ta rufe har hanci, da muka kusa sai ta taɓa ni ta ce, don Allah ƙanina ka ce ya sauke mu a nan mu ƙarasa da ƙafa, kar ya san inda za mu. Mai adaidaitan da bai san mu ba, ba kuma zai sake ganinmu ba, shi take jin kunya. Muka taka kusan minti goma a ƙafa tana jego. A layin jira ta ƙi ɗaga kai, hannunta na rawa a kan katin, ta sake ce min ka rantse ba za ka gaya wa Inna ba. Likitar da ta gan ta ta zauna da ita ta saurare ta sosai, ta gaya mata wannan ciwo ne sananne da ke samun mata bayan haihuwa kuma yana da magani, alhamdulillahi ta samu sauƙi cikin 'yan watanni. Amma wannan tafiyar ƙafar ba ta fita daga raina ba. Ciwon daban, kunyar daban, kuma kunyar nan ba daga sama ta faɗo ba, koya mana ita aka yi, kuma cikin malaman da suka koya mana har da wasanninmu na dariya, inda in dai an ce taɓin hankali to sai an nuno mutum da gashi a hargitse yana bin mutane da sanda ana sheƙa dariya. Wacce macen kirki ce za ta yarda a haɗa ta da wannan hoton?

Shi ya sa ban yarda da masu cewa a daina taɓa zancen a wasan dariya gaba ɗaya ba. In an daina, tsohon hoton ne zai ci gaba da zama a kan mutane don ba a kawo wani ya maye gurbinsa ba. Mutanenmu ba lacca suke zama su kalla da daddare ba, wasa suke kallo. A Najeriya sai a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, abu ne mai kyau sosai, amma doka ba ta shiga adaidaita ta cire wa mace mayafi daga fuska. Abin da take gani a talabijin da wayarta kullum shi ke iya yin haka.

Yanzu bari in yi adalci, akwai suka mai ƙarfi da ake wa wasan kuma ba zan ɓoye ba. Shekara shida Carlin yana zuwa wurin Dakta Hartley bai warke ba. Peterson ma yana nan da tsoron matarsa. Sai mutum ya ce to ina amfanin zuwa, ashe ɓata kuɗi ne kawai. Wannan maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma dalilin a fili yake, in Carlin ya warke ya zama mutumin kirki wasan ya rasa gishirinsa, masu rubutu ba za su yarda ba. Haka kuma wasan bai nuna ciwo mai nauyi ba, irin wanda mutum ke jin muryoyi ko yake tunanin hallaka kansa, wanda ke buƙatar magani da kwanciya asibiti, don haka wanda ya ɗauka duk matsalar ƙwaƙwalwa hira ce a kan kujera mai laushi ya yi kuskure babba. Na yarda da duk wannan. Sai dai ni da na kalli Carlin da kyau abin da na gani shi ne mutumin da ba shi da kowa, halinsa ya kori kowa, amma akwai ɗaki ɗaya a duniya da yake shiga duk sati a ce masa zauna, a saurare shi ba a kore shi ba. Akwai mutanen da ba warkewa za su yi kamar zazzaɓi ba, lallaɓawa ake yi kamar hawan jini ko ciwon suga, kuma samun wanda zai riƙe ka shekara da shekaru bai gaji ba, ni ban ɗauke shi ƙaramin abu ba.

Sai ɓangaren gida, wanda ni a wurina shi ne ya fi daɗi. Bob da Emily ba su da 'ya'ya a wasan har aka gama, Newhart ne da kansa ya ƙi, ba ya son ya zama irin uban nan na wasannin talabijin da yara ke mayar da shi sakarai, alhali a rayuwarsa ta gaske 'ya'yansa huɗu da matarsa Ginnie wadda suka yi shekara 60 tare. Abin da hakan ya haifar shi ne aka samu fili aka nuna mata da miji suna hira irin ta manya. Da daddare sun kwanta, fitila a kunne, shi ya gama shan matsalolin mutane tun safe, sai ya juyo ya fara zuba mata nasa, ita kuma da muryarta mai kauri ta gaya masa gaskiya ba ta tsoronsa, wani lokacin ta yi masa dariya, wani lokacin su yi saɓani su shirya. Ita ce likitan likita. Tana da aikinta da ra'ayinta, ba ado ba ce a gidan. Kuma zaman nan nasu ba haihuwa ba wanda ya zo yana mata gori, ba uwar miji da ta zo da zancen ƙarin aure, na san al'adarsu daban tamu daban kuma ban ce mu zama su ba, amma na kalla na ce ashe ana iya nuna aure a matsayin abota har mutane su so shi. Sun so shi kuwa, don a 1990 da Newhart zai rufe wani wasansa daban da ya yi shekara takwas yana mai masauki a jihar Vermont, sai aka nuno shi ya farka a tsohon gadon nan na Shikago, Emily a gefensa, wai duk wancan wasan mafarki Dakta Hartley ya yi. 'Yan kallon da ke ɗakin ɗaukar shirin tun da suka ga ɗakin kwanan suka fara tafi, shekara 12 bayan rufe wasan farko ba su manta da shi ba.

Abin da nake roƙon masu rubuta mana wasanni, musamman masu dogon zango da ake sakawa a YouTube da tashoshinmu, ba wai su kwafi na Amurka ba ne, Shikago daban Kano daban Zinder daban. Dabarar kawai za su ɗauka. A ba mu likita ko ma'aikaciyar jinya a sashen ƙwaƙwalwa na wani asibiti, mutum mai haƙuri, a ba mu masu zuwa wurinsa, ɗan kasuwar da bashi ya hana barci, amaryar da ke firgita in waya ta yi ƙara, malamin makarantar da ya yi ritaya ya rasa abin yi da kansa, matashin da ke ƙoƙarin barin ƙwaya. Su zo da tufafinsu masu tsabta, a gaisa da su da sunansu, a tambaye su iyali. Abin dariya ba zai ƙare ba wallahi, don Bahaushe ko a gidan makoki sai ya samu abin murmushi. Sannan a bi likitan gida a ga shi ma matarsa na fama da shi.

Newhart ya rasu ranar 18 ga Yulin 2024 yana da shekara 94, Suzanne Pleshette ta riga shi tun 2008. A Shikago akwai mutum-mutuminsa na tagulla da aka kafa a 2004, yanzu yana wurin shaƙatawar nan na bakin tafki da ake kira Navy Pier, an yi shi zaune a kujerarsa ta ofis, gefensa kuma doguwar kujerar marasa lafiya ba kowa a kai, masu wucewa suna zama a ɗauke su hoto da rana kowa na gani. Na nuna wa yayata hoton a waya kwanakin baya, ta daɗe tana kallo, sai ta tambaye ni, su can ba sa jin kunya ne? Na ce mata da suna ji, sosai ma, na ba ta labarin Eagleton. Ta ce Allah sarki bawan Allah, ta miƙo min wayar ta tashi duba tukunyarta.